Adudun Matar Mailafiya

Yau kam sai na faɗa. Maganar nan ta daɗe tana yi mini ƙugi a ciki kamar na ci ɗanyen wake, in na ƙara kwana da ita wallahi kumbura zan yi, sai an nemo amalanke an kai ni gida. Sirrin Malam Mailafiya ne, wanda duk faɗin Ƙofar Na'isa ba wanda ya sani, har limamin da yake bi sallah shekara talatin. Ku matso kusa. Zan faɗa, na rantse zan faɗa. Amma in na juye muku shi yanzu ba ku san mutumin ba, na yi asarar yawuna a banza. Ku ɗan yi haƙuri in fara ta inda ya kamata.

Malam Mailafiya baduku ne, a layin dukawa na kasuwar Kurmi ya ƙarar da ƙuruciyarsa da ƙarfin idonsa. Dogo ne siriri, in ya jingina da bango sai ka ɗauka gora aka ajiye. Sunan nan kuwa ba a banza ya same shi ba. An ce akuya ta taɓa shiga rumfarsa ta kama jar fatar da ya yini yana gyarawa ta hau ci, shi kuwa ya tsaya yana ce mata ta ci a hankali kada ta ƙware. Ni ban gani ba, amma wanda ya gaya mini sai da ya yi alwala kafin ya faɗa. Magana kuwa, in ya yi kalma goma a yini to ranar an yi masa haihuwa ne. Hannunsa ne mai surutu, shi da basilla da zare.

Matarsa ɗaya tal, Bintu, 'yar Zangon Barebari, kakanninta daga Borno suka zo suka zauna tun ba a haifi kowa a cikinku ba. Turaren wuta take haɗawa, irin na gado: hawi, ƙajiji, farce, da wasu abubuwan da ko 'yarta ba ta gama sani ba. In Bintu ta ratsa lungu da hantsi, har magariba lungun na ƙamshi. Jakin masu yashi ma in ya bi bayanta sai ya fito kamar ango. Shekara talatin da huɗu suna tare, ba wanda ya taɓa jin ya kama sunanta. Irin mutanen da ne, kunya ta yi musu katutu. A cikin gida "ke" yake ce mata, a waje kuwa sai "mutanen gida". In ta yi zazzaɓi ya ce mutanen gida ba su ji daɗi ba, sai ka ɗauka mutum ashirin ne a kwance. 'Yarsu ɗaya, Ummi, tana aure a Maiduguri gidan ɗan kawunta. Bintu ta rasu saura shekara shida soja su koma bariki, ta bar shi shi kaɗai a gida mai ɗaki uku.

To, tun daga ranar da aka yi sadakar arba'in Malam ya samu gurin zuwa. Kun san ɗan gidan tarihin nan da aka yi a tsohon gidan wani attajiri, wanda ake ce wa Gidan Masu Sana'a? Mu da muke shara a ciki mun fi kowa sanin baƙinsa: 'yan makaranta sau biyu a shekara, Bature guda in ya ɓata hanya, sai jemagu, sai Malam Mailafiya. Kullum ana idar da azahar zai shigo, ya wuce masaƙa, ya wuce zugazugin maƙera, ko kallo ba su ishe shi ba, ya je ɗaki na ƙarshe ya zauna a benci gaban wani akwatin gilas. A ciki adudu ne. Yaran yanzu ba ku san shi ba: babban kwando ne mai murfi, an lulluɓe shi da fata, a ciki matan da suke ajiye tufafinsu na ji da kai. Wannan fatar jikinsa ja ce da kore, an yi mata ado da ɗinki ƙanana kamar sawun tururuwa. A gindinsa ga 'yar takarda: lamba ɗari biyu da goma sha bakwai, kyautar Malam Mailafiya Baduku.

Sabo mai gadi Bazazzagi ne, kun san su da Kanawa ba a haɗuwa a rabu lafiya. Ba ya barinsa ya wuce salin-alin.

"Ga Bakano ya zo duba sunansa! Yana nan, Malam, ban bar ɓera ya ci ko harafi ɗaya ba."

"Sannu da aiki, Sabo."

"Ni fa ban taɓa ganin mutum ya yi kyauta ya biyo ta da gadi ba. In kujerata kake so ka faɗa, in koma Zariya in huta."

Malam sai ya yi murmushi ya wuce. Duk unguwa haka aka ɗauka: tsoho ya ga sunansa a gilas, daɗi ya kashe shi. Ba wanda ya lura ba takardar yake kallo ba. In ya ga ba kowa, sai ya tashi ya kai hancinsa daidai inda gilas ya haɗu da katako, ya ja numfashi a hankali, ya koma ya zauna. Gilas kuwa an liƙe shi gam, ko iska ba ta fita. Abu ɗaya yake so a duniya: adudun nan ya koma kusurwar ɗakin da ya fito, ya buɗe murfin, ya ji ko da sauran ƙamshin Bintu.

Bayan rasuwarta ya taɓa gwada karɓo shi sau ɗaya a zamanin soja. Ya sa babbar riga ya je ofishin shugaban gidan na lokacin, ya yi gaisuwa ta kai rabin awa, sannan ya ce dama aro ya bayar. Shugaban ya ce duk abin da ya shiga rajista ya zama kayan gwamnati, gwamnati kuma a yanzu kaki take sanye da shi, in yana so ya je ya tambaye ta ga hanya nan. Malam ya ba shi haƙuri, ya ba masinja haƙuri, ya fito ya ba Sabo haƙuri, ya tafi gida.

Na ga kun fara mutsu-mutsu. To ga sirrin: adudun nan ba nasa ba ne. Na Bintu ne, gun kakarta ta gada, a bayan raƙumi ya zo daga Kukawa. Abin da yake aikinsa a jiki fatar ce kawai, ita ma a shekarar aurensu ya yi wata huɗu yana ɗinka ta ya ba ta, don bakinsa ba zai iya faɗin abin da ke ransa ba. Kuma ba da saninta adudun ya bar gidan ba.

Ga yadda aka yi. Saura shekara goma sha uku farar hula su dawo, gwaggon Bintu ta rasu a Borno, ta tafi ta'aziyya, sai an yi arba'in za ta dawo. A tsakanin nan aka ce manyan baƙi za su zo buɗe gidan tarihin, ga ɗakuna wayam. Wanda aka fara ba riƙon gidan, Malam Maharazu, Allah ya ji ƙansa, mutum ne mai zaƙin baki, in ya yabi takalminka sai ka cire ka ba shi ka tafi gida a ƙasa kana godiya. Ya bi Kurmi rumfa-rumfa yana neman tsohon aiki. Da ya zo kan Mailafiya ya ɗaga wata gafaka ya ce ai hannu na gaske ya ƙare a Kano, yanzu sai kwaikwayo. Mutumin da bai taɓa yabon kansa ba, ranar Shaiɗan ya same shi a sake. Ya ce, "Akwai wani ɗan aiki da na taɓa yi, yana gida."

Ya shiga ɗakinta, ya kwashe zannuwanta ya jibge a kan gado, ya fito da adudu zaure. Maharazu ya zagaya shi sau uku yana salati. Ya ce aron kwana ashirin kacal, baƙi na tafiya za a dawo da shi. Malam ya lissafa a ransa, ya ga kafin ta dawo ya mayar da komai yadda yake, har ma ya samu labarin ba ta. Akawun da ya biyo Maharazu ya zaro takarda da biro.

"Na wane ne, Malam?"

Nan fa ake yin ta. Ga maza biyu baƙi a zaure. Ya buɗe baki ya kama sunan matarsa a gabansu, a rubuta, a kafe a gilas kowane ƙato ya zo ya karanta? Ai gara ƙasa ta tsage ya shige. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Na nan gidan ne." Akawu ya duba, gidan Malam Mailafiya ne, ya rubuta Malam Mailafiya. Takardar da Turanci take, ta aro ta ƙare a ofis, ta kyauta ce ta rage, akawu ya ga duk takarda ce. Malam ya dangwala babban yatsa.

Baƙi suka zo suka tafi. Kwana ashirin ya zama talatin. Ya je, aka ce Maharazu ya tafi taro Legas. Ya koma, aka ce an riga an liƙe gilas. Bintu ta dawo.

Ta shiga ɗaki, ta ga zannuwa a kan gado, ta ga kusurwa ba komai sai zagayen da gindin adudu ya bari a daɓe. Shi yana tsakar gida yana jiran a fara. Da masifa ta yi, da ta tara masa Zangon Barebari kaf, da ya ji sauƙi. Ba ta ce uffan ba. Ta aika aka samo mata kwalin sabulu ta ninke kayanta a ciki. Washegari ta ɗauki kaskon turarenta ta ajiye a tsakiyar zagayen nan, kullum a nan take kunna shi. Abincinsa bai canja ba, gaisuwa ba ta canja ba. Shekara bakwai kullum yana cewa gobe zai yi mata magana, kullum in ya ɗaga labule ya ga hayaƙi na tashi daga inda adudu yake a da, sai ya ce, "Ke, akwai ruwan zafi?" Ranar da ciwo ya kayar da ita ɗakin cike yake da mata. Ya tsaya daga bakin ƙofa, maganar tana maƙogwaronsa, kunya ta riƙe masa ƙafa. Kafin matan su ragu ta cika.

Sai ga farar hula sun hau. Kun tuna yadda gari ya rikice, kowa ya zama mai 'yanci, mai rake ma in ka taya da wulaƙanci sai ya ce zai kai ka majalisa. Aka yi ta cewa duk wanda aka danne wa haƙƙi a zamanin soja ya rubuto. Malam ya yi sati yana juya maganar, sannan ya je gun mai rubuta wasiƙa a bakin gidan waya, aka rubuta masa cewa shi aro ya bayar, a taimaka a dawo masa da kayansa. Ya kai, ya dawo ya share kusurwar ɗakin, ya matsar da kasko gefe.

Bayan wata biyu aka turo lauya ta duba rajistar gidan gaba ɗaya. Barista Ikram yarinya ce ƙarama, fayil ɗin da take runguma ya fi ta nauyi, amma in ta kafe ka da ido ta saman tabarau sai ka tuna laifin da ka yi tun kana goye. A ɗakin adudun ta same shi, ta rusuna ta gaishe shi, sannan ta zauna a ɗaya gefen bencin.

"Baba, na karanta wasiƙarka. Na kuma nemo takardar da ka dangwala."

"Madalla, 'yata. Aro ne. Kwana ashirin aka ce."

"A baki aka ce. A takarda kyauta ce, ba sharaɗi. Wa ya ji lokacin da aka ce kwana ashirin?"

"Malam Maharazu."

"Ya rasu."

"Da akawunsa."

"Na bincika, shi ma ya rasu."

Sabo ya leƙo ta ƙofa. "Ranki ya daɗe, haka Bakano yake. In zai kafa shaidu sai ya zaɓi waɗanda suka mutu, don kada ya ba su goro."

"Malam Sabo, koma bakin ƙofarka," in ji ta, ko juyowa ba ta yi ba. "Baba, dokar gidan nan ba ta ba kowa ikon fitar da abin da aka bayar kyauta ba, har shugaban gidan. Da kowa zai dawo ya ce ya fasa, da gobe ba abin da zai rage sai bango. Hanya ɗaya ce tak. In ya zamana wanda ya yi kyautar ba shi ne mai kayan ba, to kyauta ba ta ƙullu ba, a boko da a shari'a duka." Ta nuna gilas da biro. "Adudu dai kayan mata ne, Baba. Naka ne?"

Ya kalli gilas. "In ba na mutum ba ne fa, sai a ba shi ya kai gida?"

"A'a. Sai a miƙa wa magadan mai shi. In matar aure ce ta rasu ta bar 'ya mace ɗaya, 'yar na da rabi, miji rubu'i, sauran na 'yan uwanta. Adudu kuwa ba ya yankuwa. Ka fi ni sanin hannun da irin wannan yake komawa."

Ya sani mana. Ranar sadakar uku Ummi ta tambaye shi adudun, ya ce mata yana gurin gyara. In ya faɗi gaskiya, a mota za a sa adudun a kai Maiduguri, tafiyar yini guda, shi kuwa yanzu ko Kurmi gwiwarsa ba ta kai shi sai ya huta sau biyu. Ga kunyar surukai: Goni Abubakar, yayan Bintu, zai ji cewa mijin ƙanwarsa ya ɗauki kayanta ya ba gwamnati tana gidan makoki. In kuwa ya yi shiru, adudu na nan, kullum zai gan shi, amma a bayan gilas, da sunan da ba na mai shi ba, har ranar da zai je ya tarar da ita.

"Kayana ne," in ji Malam Mailafiya.

Ƙaryarsa ta uku ke nan a duniya, kuma duk a kan kwando ɗaya. Ikram ta kalle shi ta saman tabarau har sai da ya ji gumi na bin bayansa, sannan ta rufe fayil ta ce to shi ke nan, adudu ya zauna.

Sati uku bai leƙo gidan tarihi ba. Benci ya yi ƙura, Sabo ya rasa abokin tsokana har ya fara ramewa. Ashe Malam bin masu turare yake, na Kurmi da na Zangon Barebari, yana sayo ƙulli-ƙulli, ya zo ya kunna a kaskonta ya zauna a ƙasa ya rufe ido. Wannan ya yi zaƙi da yawa. Wannan ya yi kusa, amma ƙarshensa ba shi ba ne. Hayaƙi ya dinga fita ta taga har maƙwabta suka fara tara bokiti. A haka Sabo ya same shi, ya yi sallama uku ya kutsa kai yana tari.

"Bakano, mutuwa ka yi ba ka aiko ba?"

"Ina nan, Sabo."

"Wannan hayaƙin fa? Bandar kifi ka koma?"

Sabo ya kalli kaskon, ya kalli zagayen da ke daɓe, ya sassauta murya, abin da ba a taɓa jin ya yi ba.

"Lauya ce ta aiko ni. Ana bin kayan gidan ɗaya bayan ɗaya ana duba lafiyarsu, ranar Alhamis za a zo kan naka. Ta ce doka ta ce kayan fata sai wanda ya san fata ya duba. Na ce mata akwai dukawa a Zariya da suka fi ka, ta ce Zariya ta yi nisa."

Malam ya ɗago. "Buɗewa za a yi? Har murfin?"

"Har murfin."

Ranar Alhamis tun kafin a buɗe ƙofar gidan yana tsaye a waje. Ya yi wanka, ya sa farar rigarsa ta idi, bai shafa turare ko ɗis ba don kada ya gauraya masa. Sai da ya sa Sabo ya tofar da goron bakinsa ya kurkure. Wani kafinta ya zo ya kankare abin liƙin, ya ɗaga gilas ya jingine, ya kwashi kayan aikinsa ya tafi. Ɗaki ya rage Malam da Ikram da Sabo, aka turo ƙofa.

Ya goge hannuwansa a jikin riga, ya ɗora su a kan fatar. Shekara goma sha uku rabonsa da taɓa ta. Yatsunsa suka bi ɗinkin layi-layi kamar mai jan carbi, Ikram na tambaya yana amsawa: nan lafiya, nan ta ɗan bushe tana son mai, nan asu ya taɓa. Da ya juya adudun ta ɓangaren da yake kallon bango, sai hannunsa ya tsaya. Wani guri ne kamar tsawon ɗan yatsa da ɗinkinsa ya saki, an kama shi da baƙin zare, ɗinkin allurar mata, a karkace. Bai taɓa sanin da shi ba. Baduku na kwana a gidan, amma Bintu ta gwammace ta soke yatsunta ta juya gurin bango, da ta ce masa aikinsa ya saki.

"Baba, a rubuta me a nan?"

"Rubuta lafiya lau," ya ce. "Kada a taɓa shi."

Sannan ya yi bisimilla ya ɗaga murfin.

Warin kafur ne ya buge shi har sai da ya yi baya. Ma'aikatan da suka liƙe gilas sun zuba shi a ciki tuli guda don maganin asu, ya narke ya shiga kowace saƙa. Malam ya sake matsowa, ya cusa kansa ciki har wuya, dattijo da farar riga, yana bin kusurwa-kusurwa da hanci. Ya shinshina murfin, ya shinshina bakin fatar, ya shinshina baƙin zaren. Kafur. Turaren mata uku, kaka da uwa da jika, ba abin da ya rage.

Ya zame ya zauna a ƙasa, adudu a gabansa a buɗe. Sabo ya cire hula ya mayar.

"'Yata, biron naki na kusa?"

"Yana hannuna, Baba."

"Ba kayana ba ne. Ƙarya na yi miki. Na ɗauka ba ta nan, ban tambaye ta ba, ban kuma nemi gafararta ba har ta tafi."

Ikram ba ta fara rubutu ba. "Ka san in na rubuta wannan, ba gidanka zai koma ba. Maiduguri zai tafi. Kuma sai an karanta wa magada abin da ka faɗa, har Goni."

"Na sani. A karanta masa, ya faɗi abin da ƙanwarsa ba ta faɗa ba." Ya shafa gefen adudun. "Yarinyar ta iya haɗin uwarta, ko da rabi ne. In ta zuba kayanta a ciki shekara biyu, uku, zai dawo hayyacinsa. A gurina ba zai dawo ba. Na gwada."

"To. Sunan mai shi?"

"Mutanen gida."

"Haba Baba. Abin da ya jawo mana wannan aikin ke nan tun farko. Takarda ba ta san mutanen gida ba. Suna nake so, daga bakinka, a gaban shaida."

Malam ya kalli Sabo. Sabo ya juya ya fuskanci bango, ya ce shi ya fita, kunnensa kawai ya bari a ɗakin. Malam ya buɗe baki, iska ce kawai ta fito. Ya yi gyaran murya, ya sunkuya ya kalli cikin adudun, kamar a can za a ji.

"Bintu."

"Ban ji ba, Baba."

"Bintu. Bintu 'yar Malam Modu." Sannan a hankali ya sake cewa, "Bintu," wannan karon ba don takarda ba.

Ikram ta rubuta, ta cire tabarau ta goge, ta mayar. Malam ya dangwala, Sabo ya sa hannu. Sannan ta duba ƙasan takardar ta ce shaidu biyu doka take so, ga shi kafinta ya tafi, bari a aika ofis a nemo wani.

"Ba sai an je da nisa ba," in ji Malam, ko waiwayowa bai yi ba. "Dije, tun da aka ɗaga gilas nake ganin bakin tsintsiyarki ta ƙarƙashin ƙofa. Guri ɗaya kike shara, kin kusa haƙa rijiya. Shigo."

Jama'a, ni kuwa ina jingine da ƙofar, kunnena a manne. Kafin in tattara zani in gudu Sabo ya finciko ƙofa, na tafi luu kamar buhun gero, sai ga ni durƙushe a tsakiyar ɗaki da tsintsiya a hannu.

"Ni fa, Baba, shara nake, ko kalma ɗaya ban..."

"Kin ji sunan?"

"Na ɗan ji. Sau uku."

"To kawo yatsanki," ya ce, ya turo mini tawada. "Tun da dai sai kin gaya wa gari, ki fara gaya wa takarda."